Yadda za ka sanar da wanda kake yi wa aiki cewa kwantiraginku ya zo ƙarshe

Mai aikin kansa, ko fassara yake yi, ko zane a kwamfuta, ko kula da shafin Instagram na wani shago a Kantin Kwari, ya fi iya karɓar aiki a kan ajiye shi. Kunya kan hana wasu magana, sai su daina ɗaga waya kawai. Nan ake ɓata suna.

Da farko koma ka duba yarjejeniyarku. Galibi akwai wa'adin sanarwa, kwana 14 ko 30. In da baki kuka ƙulla, ba shi aƙalla mako 2 ya nemi wani.

Sai ka kira shi kafin ka rubuta. Babban mutum ba ya son ya tsinci irin wannan magana a WhatsApp kamar daga sama. Bayan kiran ka aika a rubuce, don kada gobe a ce ba a yi haka da kai ba:

"Salamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Kamar yadda muka yi magana, aikina zai ƙare ranar 30 ga wata. Saura hotuna 12 da zan kammala kafin nan, sai cikon kuɗina naira dubu 40. Na gode da amanar da ka ba ni."

Ya isa. Kada ka tsaya lissafo laifuffukansa, ko da yana da su.

Kuɗi ne wurin da ake saɓawa. Rubuta abin da ka yi da abin da ya rage, ka tura masa tun kana cikin aikin, domin wanda ya riga ya tafi bashinsa kan yi sanyi. Zanen da ba a biya ba, kana iya nuna samfurinsa ka riƙe na ainihi. Amma shafinsa da lambobin sirrinsa nasa ne, yin garkuwa da su cin amana ne. A Upwork kuwa, wato shafin intanet da masu aikin kansu ke samun kwantiragi, miƙa kashin ƙarshe na aikin kafin ka rufe kwantiragin. In wanda ya ba ka aikin ya yi shiru kwana 14 bayan ka miƙa, kuɗin da ya ajiye a Upwork za su shigo maka.

Ranar ƙarshe ka tattara fayiloli a Google Drive, ka mayar masa da mallakarsu, ka cire kanka daga masu kula da shafin. Ce masa ya canza lambar sirri a ranar, ka kuma ajiye saƙon da ya amsa cewa ya karɓi komai.