Yadda ake tantance saƙon WhatsApp kafin a tura shi gaba

Yawancin saƙonnin murya da ke yawo a salular mutanen Maraɗi ba ƙarya zalla ba ne. Gaskiya ce kaɗan, aka cuɗa ta da ra'ayi da hasashe, shi ya sa suke saurin shiga kunne. Aikinka shi ne ka warware su.

Fara da sauraren saƙon sau biyu, sannan ka tsaga shi jimla-jimla. A ce wani ya turo cewa: "Tiyar hatsi ta kai jaka a babbar kasuwa, ƴan kasuwa ne suka ɓoye kaya don mugunta, kafin damina za ta ninka." Magana uku ce a nan. Ta farko ana iya tabbatar da ita yau: ka kira masu awo biyu ko uku waɗanda ba rumfa ɗaya suke ba, ko ka duba farashin da hukumar SIMA, mai bibiyar farashin kayan gona a kasuwannin Nijar, ke fitarwa. Ta biyu zargi ne a kan abin da ke zuciyar mutane, ba wanda ya auna shi. Ta uku hasashe ce. Duk jimlar da ba za ka iya cewa "ga wanda zan tambaya, ga inda zan duba" a kanta ba, ajiye ta a gefen ra'ayi. Kalmomi irin "ya kamata", "ya fi", "kowa ya sani" su ne alamarsa.

Daga nan ka tambayi wanda ya turo: ganau ne kai ko jiyau? In ya ce jiyau, daga wa? Bi sarƙar kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi. In ta katse a "wani soja ne ya faɗa" ko "wata likita ce", babu suna babu wuri, labarin bai tsaya ba. A nan ne mutane suka fi faɗawa: sun ji abu a zaurukan WhatsApp biyar, sai su ɗauka shaidu biyar ne, alhali murya ɗaya ce ta zagaya. Kibiya biyu da WhatsApp ke sa wa saƙo na nufin ya ratsa hannuwa aƙalla biyar, ba ta ƙara masa inganci.

Kula da ranar da aka ɗauki hoto ko bidiyo. An rufe iyakar Najeriya da Nijar a watan Agustan 2019, an sake rufe ta a 2023, kuma tsofaffin hotunan manyan motoci jere a kan hanya suna dawowa duk lokacin da aka fara raɗe-raɗin rufe iyaka a Ɗan Isa ko Jibiya. Sa hoton a Google Lens, manhajar bincike da hoto, zai nuna maka shafukan da suka taɓa ɗora shi. A bidiyo, duba lambar mota, kakin jami'ai, rubutun alluna Faransanci ne ko Turanci, ƙasa kore ce ko rani ne.

Labarin hari a wajen Madarunfa ko Gidan Rumji ya fi kowane buƙatar haƙuri, domin tsoro na sa a tura ba a duba ba, kuma saƙo guda na iya tayar da ƙauye cikin dare. Kira wanda ke garin da kansa, ka tambaye shi abin da idonsa ya gani, sannan ka jira labaran rediyo. Aya ta 6 a Suratul Hujurati umarnin bincike ta bayar kafin a cutar da mutane cikin rashin sani.

In ka tabbatar da rabi kawai, rabin za ka tura, ka rubuta wanda ya gaya maka da ranar da ya faɗa.