In karenka ko mussarka ta ɓata a Maraɗi

Da farko kar ka tsaya jira har gobe, ka zaga unguwa tun da yamma kana kiran sunanta, ka tambayi yara da masu shayi da 'yan kabu-kabu don su ne idon titi.

Sannan ka ɗauko hotonta ka sa a WhatsApp na unguwa, ka faɗi launinta da wata alama ta jikinta da inda aka gan ta ƙarshe, in unguwar Zariya ce ka ce Zariya, in Bagalam ka ce Bagalam, kar ka ce kawai "cikin gari".

Ka sanar da mai unguwa, in da hali ka biya kuɗin cigiya a rediyo.

Ka kuma leƙa meri, wato ofishin magajin gari, ka tambayi inda suke tsare dabbobin da aka kama suna yawo, ka tafi da hoton da ɗan kuɗin tara a aljihu, saboda wallahi abin tausayi ne dabba ta kwana can ba mai nemanta.

In ka same ta da rauni ko alamar cizo, kai ta wajen likitan dabbobi ranar nan, haukan kare yana kisa.