Yadda na daina faɗuwa a zagaye na biyu

Wata guda ina cin zagayen farko na wasan kati na Magic a gasarmu ta Birni, nan Damagaram, na biyu kuma sai hannuna ya bushe, babu katin ƙasa, wanda ke ba da mana, wato ƙarfin da ake biya da shi a buga sauran katuna. Na zargi yadda nake cakuɗa katunan, har rigunansu na sake. A banza.

Da na baje su bisa tabarma na ƙirga, ashe ni ne: in zan shigo da katunan ajiya, waɗanda ake musanyawa tsakanin zagaye, ƙasa nake cirewa, 24 ta koma 21.

Sai na rubuta takarda: kowane irin abokin karawa, uku su shiga daga 15 na ajiya, uku masu cin mana da yawa su fita. Jimilla katuna 60, ƙasa ba a taɓa ta. Takardar nake dubawa tsakanin zagaye.

Alhamdulillahi, na gode wa ƙanena da ya taya ni ƙirga.