Darasi na Tara: In Kwamfuta Ta Yi Gardama

Duk macen da ta taɓa zama a kan keken ɗinki ta san ranar da zare zai yi ta tsinkewa, ko ɗinki ya riƙa cukurkuɗewa ta ƙasa. Ba ta ɗaukar keken ta kai birni. Takan lalubi ɗan abin da ke matse zare, ta sassauta ko ta ƙara ɗaurewa, ta ci gaba da aikinta. Keke lafiyarsa lau, saiti ne ya goce. Haka mai injin ban ruwa a fadama, in inji ya ƙi tashi da sanyin safiya, man inji da cok yake fara dubawa kafin ya aika a kira makanike.

Kwamfutar tebur ma haka take. A shekarun da na yi ina koyarwa a ajinmu na yamma a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, yawancin kwamfutocin da aka ce mini "ta lalace", da na zauna a gabansu sai in tarar saiti ne kawai. Wannan darasin a kan Windows muka gina shi, wato babbar manhajar da ke riƙe da ragamar kwamfutar, domin ita ce a kan kusan duk wadda za ka gani a makarantu da shagunan buga takardu na yankinmu. Rubutun da ke kan allonta da Turanci yake, don haka zan kawo kalmomin yadda za ka gan su. Ba sai ka ji Turanci ba, ka dai gane siffar kalmar.

Kafin ka taɓa komai

Ajiye littafi da biro kusa da kai. Duk abin da za ka sauya, fara rubuta yadda ka same shi. Kuma abu ɗaya ake sauyawa, a gwada, sannan a taɓa na biyu. Wanda ya juya abu biyar a lokaci guda, ko ta gyaru bai san wanne ne ya gyara ta ba, in kuma ta ƙara rikicewa bai san hanyar komawa ba.

Sai ka leƙa bayan akwatin. Igiyar wuta ta zauna? Soket a kunne yake? In allo ya rubuta "No signal", yawanci igiyarsa ce ta yi sako-sako, wannan mai shuɗin kai da kusoshi biyu. Mai shara ko yaro na iya ja ta bai sani ba.

Akwai abu ɗaya a bayan akwatin da nake roƙon ku kula da shi. Wasu tsofaffin kwamfutocin tokumbo, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, suna da ɗan jan makunni kusa da inda igiyar wuta ke shiga, gefe ɗaya an rubuta 115, ɗayan 230. Wutar Amurka ƙarama ce a kan tamu. Tamu 230 ce. In yana kan 115 aka jona, sai dai a ji "fas" da ƙauri, shi ke nan an shiga kashe kuɗi. Duba shi tun ranar da aka kawo kwamfutar, kada kuma a bar yara su yi wasa da shi.

In duk wannan daidai yake, danna alamar Windows a ƙasan allo, ka zaɓi "Restart". Ba ɗaya suke da "Shut down" ba. A Windows 10 da 11, "Shut down" yakan adana wani abu na halin da take ciki don ta yi saurin tashi gobe, har da rikicin. "Restart" kuwa daga tushe take farawa.

Agogo

A nan za mu daɗe, don babu matsalar da ta fi wahalar da mutanenmu a banza kamar wannan.

Wata Laraba, gab da faɗuwar damina, na zo wucewa sai na tarar da sakataren ƙungiyar manomanmu, dattijo ne, ya naɗe akwatin kwamfutar ƙungiya a cikin tsohon bargo, yana ɗaure shi a bayan babur da robar taya. Ɗansa na riƙe da kan babur ɗin.

Na ce, "Baba, ina zuwa haka da rana tsaka?"

Ya ce, "Malam, Kano za a kai ta, Farm Centre. Kwana uku ke nan ta ƙi buɗe intanet, ga sunayen mutane ana jira. Data kuwa akwai ta, jiya yaron nan ya saka."

Na roƙe shi a sauke ta a jona, in ta gagara sai a tafi. Tana tashi ta tsaya a baƙin allo tana neman a danna F1. Muka danna. Da aka buɗe Chrome, manhajar shiga intanet, sai ga jan gargaɗi, "Your clock is behind". Na nuna masa kusurwar dama ta ƙasa na ce ya karanta mini kwanan wata. Ya gyara tabarau, ya matso har hancinsa na neman taɓa allo, ya ce, "Ikon Allah! Wai 2013 muke."

Ga dalilin. Kowane shafi mai tsaro a intanet yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kamar lasisin tuƙi. Kwamfuta takan gwada wannan ranar da nata agogon. In tana zaton 2013 ake, aka miƙo mata shaidar bana, sai ta ce ba ta yarda ba, ta rufe ƙofa. Laifin ba na data ba ne, ba na kamfanin waya ba.

Gyaran: kai kibiyar linzami, wato "mouse" da ake turawa da hannu a kan tebur, kan agogon, danna ɓangaren dama na linzamin, zaɓi layin da ya fara da "Adjust date". Kashe "Set time automatically", danna "Change", ka saka rana da lokaci da hannunka, sannan ka sake kunna shi. A Windows 11 kalmomin sun ɗan bambanta, amma wurin ɗaya ne. Kada ka fita sai ka duba "Time zone". Namu shi ne UTC+01:00 West Central Africa. Da yawa daga cikin kwamfutocin da ake shigowa da su suna kan lokacin yammacin Amurka, wanda ke bayanmu da awa takwas ko tara, gwargwadon watan da ake ciki. Shi ya sa za ka ga ana kiran azahar, ita tana cewa asuba ce.

To, in ka gyara yau, gobe ta koma gidan jiya fa? Batir ne. A cikin akwatin akwai ɗan batir fari mai ƙyalli kamar kwabo, an rubuta CR2032 a jikinsa, ƙarfinsa bolt 3. Shi ke riƙe agogo in babu wuta. Yakan yi shekaru, amma tokumbo ta riga ta ci rabin ransa ko fiye kafin ta iso gare mu, ga shi a ƙauye kwamfuta ta fi daɗewa a kashe. Masu gyaran agogo da masu kayan waya suna sayar da shi. Zare igiyar wuta gaba ɗaya, buɗe murfin gefe, taɓa ƙarfen akwatin da hannunka tukuna, sannan ka tura ɗan maƙalin da ke riƙe da batirin, zai ɗago da kansa. Sabon ya shiga yadda tsohon yake, gefen da ke da alamar + a sama. In gabanka na faɗuwa, ka sa wanda ya taɓa yi ya tsaya a kanka karon farko.

Baba Sakatare dai bai je Kano ba ranar. Ya ce da ɗansa ya kwance robar, yana faɗin, "Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami."

Allon madannai

Wata ɗalibarmu mai sayar da ƙuli da man gyaɗa ta yi kusan rabin awa tana son rubuta adireshin imel ɗinta. Duk ta danna Shift da 2 don alamar @, sai wasu 'yan ɗigo biyu masu wutsiya su fito. Har ta fara cewa ita dama an ce ta tsufa da wannan karatun. Na ce, "Yaya, ba ke ba ce. Dubi nan kusa da agogo." An rubuta ENG UK. Madannan Turanci tsari biyu ne suka fi yawa, na Amurka da na Ingila. A na Amurka @ yana kan 2, a na Ingila yana can kusa da Enter. Riƙe madannin Windows, ka taɓa dogon madannin tazara, za ta sauya daga wannan zuwa wancan. Zaɓi wanda ya dace da abin da aka zana a kan madannanka.

In ta ƙi karɓar kalmar sirri alhali ka tabbata daidai ka rubuta, dubi 'yar fitilar Caps Lock. In lambobin gefen dama sun ƙi fitowa, Num Lock ne a kashe.

Ni kuma abin da ke ci mini rai shi ne in ga takardar ƙungiya an rubuta "baki" a wurin "baƙi", ko "kafa" a wurin "ƙafa", a ce wai kwamfuta ba ta da haruffanmu. Tana da su. Shiga "Settings", sai "Time & Language", sai "Language", ka danna "Add a language", ka rubuta Hausa ka ƙara ta. In ka koma kan tsarin Hausa, riƙe Alt na hannun dama ka taɓa k, d ko b, za ka ga ƙ, ɗ, ɓ. Mun sha wahala muka koyi lanƙwasa su da fensir a littafin farko, bai kamata mu yar da su a kan kwamfuta ba.

Firinta

Ka danna bugawa shiru, ka sake dannawa, ka sake. Daina. Duk dannawar da ka yi layi take shiga, ranar da firinta ta farka sai ta zubo maka kwafi goma, takarda da tawada su tafi a banza. Dubi sunan da ke saman akwatin bugawa. In ka ga "Microsoft Print to PDF", ba firintarka aka zaɓa ba, shi ya sa take tambayar inda za ta ajiye maimakon ta buga. Zaɓi sunan taka, HP ce ko Canon ko Epson. Abin da ya taru a layi kuma ka shiga "Printers & scanners", ka buɗe layin firintar ka soke shi.

Sai girman takarda. Wadda muke saya rim-rim A4 ce, faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Amurkawa Letter suke amfani da ita, ta ɗan fi faɗi, amma tsawonta 279. In saitin na kan Letter, rubutu ba zai zauna daidai ba, wasu firintocin ma sukan tsaya suna ƙifta fitila suna jiran takardar da ba mu da ita. A Word, manhajar rubuta takardu, shiga "Layout", sai "Size", ka zaɓi A4.

Allo ya kife, sauti ya ɗauke

In hoto ya koma kai ƙasa, gwada Ctrl da Alt da kibiyar sama tare. Ba a kowace yake ci ba. In bai ci ba, danna daman linzami a fili, shiga "Display settings", ka mai da shi "Landscape". Sauti kuwa, dubi alamar lasifika kusa da agogo ko an sa mata gicciye, kuma igiyar sifika koren rami take shiga.

Data na zurarewa

Yawancinmu da wayar hannu muke ba kwamfuta intanet. Ita Windows ba ta san awo muke saya ba, ta ɗauka rijiya ce. Tana jin intanet sai ta hau sauko da sabuntawa, kafin ka buɗe shafin da ya kawo ka an ce datarka ta ƙare. Shiga "Settings", sai "Network & Internet", ka buɗe sunan wayar da ka jona, ka kunna "Metered connection". Ka gaya mata ke nan a yi tsimi. Ba ya hana komai da komai, amma yana rage ɓarna sosai.

Sai dai kada a bar ta haka har abada. Sabuntawar nan ita ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. Ranar da ka sami data mai yawa da wuta tsayayya, ta sola ko ta inji mai isasshen mai, ka bar ta ta sha. In kuma ta rubuta kada a kashe ta, to kada a kashe. Ku sani kuma kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 ma ya janye mata kulawar da ya saba a 14 ga Oktoba 2025. Za su ci gaba da tashi suna buga takarda, amma ni ba zan shiga asusun banki a kan Windows 7 ba.

Inda hannunka zai tsaya

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. In ka ji ƙauri, ko ƙara "ƙas-ƙas" daga cikin akwati, ko tana mutuwa da kanta in ta ɗan yi aiki, ko shuɗin allo na dawowa kullum, wannan ya wuce saiti. Zare wuta. Mai mutuwa da kanta sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe fanka, zafi ya yi mata yawa, sai an buɗe an hure.

In za ka kai wa mai gyara, fara kwashe takardunka a filas, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, in tana tashi. Wasu masu gyaran da sun karɓa sai su ce a yi fomat, don shi ya fi musu sauƙi, fomat kuwa shafe komai ne, har sunayen 'yan ƙungiya da lissafin adashi. Ka ce masa, "Kada a goge komai sai an kira ni." Ka ba shi littafin nan naka ya ga abin da ta rubuta da abin da ka riga ka gwada.

Aikin aji

Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya juya baya, ɗaya ya ɓata abu guda a kwamfutar aji: ko ya mai da shekara baya, ko ya sauya madannai zuwa na Ingila, ko ya sa takarda a Letter, ya rubuta abin da ya taɓa a littafinsa ya rufe. Na farkon ya juyo ya nemo da kansa, malami ba zai sa baki ba sai an yi minti goma. Jan makunnin baya ba ya cikin wasan.

A gida kuma kowa ya rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku har idonsa ya saba da su: Settings, Restart, Time zone, A4, CR2032. A zo da littafin ranar Asabar bayan la'asar.