Yadda Za Ka Nemi Gyaran Garanti Idan Wayarka Ta Zo da Aibu Daga Masana'anta

Yawancin wayoyin salula suna zuwa da garantin shekara guda, amma wani aibin da aka ƙero waya da shi ba ya bayyana sai bayan wa'adin ya wuce, shi ya sa manyan kamfanoni kan ƙara wa'adi ga wani rukuni idan ƙorafi ya yi yawa. Apple ya yi haka a 2021 ga iPhone 12 da 12 Pro da aka ƙera tsakanin Oktoba 2020 da Afrilu 2021, waɗanda muryar mai kira take ɗaukewa a cikinsu, daga baya kuma ya kai wa'adin shekara uku. Google ma a 2024 ya ba Pixel 8 shekara uku saboda layin da ke fitowa a tsaye a kan allo. Samsung kuwa a 2016 janye Galaxy Note 7 ya yi gaba ɗaya, saboda batirinta yana kamawa da wuta.

Abin da za ka fara yi shi ne ka hana a buɗe wayar. A Maradi, da zarar waya ta yi gardama, sai a nufi mai gyara a kasuwa, shi kuma ya gasa bayanta da zafi, ya ɓalle murfin, ya taɓa allon injin da dalma. Masu gyaranmu suna da basira, amma kamfani yana iya ƙin karɓar wayar da aka buɗe a wajen cibiyarsa, ko wadda aka sa wa kayan da ba nasa ba. Ka daure da haƙuri har ka gama bincike.

Danna *#06# domin lambar IMEI, wato lambar shaidar wayarka mai alƙaluma 15, ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali, sannan ka ɗauko lambar siriyal daga saitin wayar. Da su ake duba shafin kamfanin a intanet, domin ƙarin wa'adin ba ya shafar duk wayoyin samfuri ɗaya, sai waɗanda aka ƙera a wani lokaci. Mai Tecno, Infinix ko itel, Carlcare zai tuntuɓa, ita ce cibiyar gyaran kamfanin Transsion da ke ƙera su.

Ka kuma yi wa kanka adalci wajen rarrabe aibin ƙira da ɓarnar hannu. Allon da ya fashe, da caja marar kyau da ta ƙona mashigar caji, da ruwan da ya shiga lokacin damina, duk garanti ba ya ɗaukarsu. A yawancin iPhone akwai 'yar alama a cikin ramin sim wadda ke rikiɗa ta zama ja idan ruwa ya taɓa ta, kuma ita ma'aikaci zai fara leƙawa. Idan aibin mai zuwa ne yana tafiya, ka ɗauki bidiyonsa da wata wayar.

Inda lamarin ya fi yi mana nauyi shi ne asalin wayar. Da yawa daga cikin wayoyinmu ta Kano da Katsina ko Dubai suke shigowa, wasu ma na hannu ne, alhali wa'adin yana soma ƙirguwa ne daga ranar da aka fara sayar da wayar, ba ranar da ta zo hannunka ba. Apple ma ya bayyana cewa yana iya taƙaita gyara ga ƙasar da aka saye ta. Saboda haka, tun a shago ka nemi rasit mai kwanan wata da lambar IMEI, ka kuma tambayi mai shagon a gaban shaida wanda zai ɗauki nauyin tura wayar idan ta lalace.

Kafin ka miƙa ta, ka kwafe hotunanka da lambobin mutane, ka cire sim da katin ajiya, sannan ka karɓi takardar shaidar cewa an amshi wayar, wadda aka rubuta halin da take ciki da ranar da za ka dawo.