Kana da labarin anime a kai? Ga hanyar da ake bi kafin ya kai allo

Ɗan yayata ne ya ja min wannan rubutun. Yaron aji biyar yake a sakandare nan Tudun Wada, ranar wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya zo min da littattafan rubutu har guda uku duk ya cika su da sunayen jarumai, wannan yana sarrafa ƙurar hunturu, wancan kada ne ya haɗiye kakansa a kogin Kaduna shi ya sa ruwa ke jin maganarsa, kowa da kalar gashinsa da irin takobinsa. Ya ce "Kawu, imel ɗin MAPPA nake so ka nemo min in tura musu." MAPPA ɗin wani babban situdiyo ne mai yin anime, wato katun irin na Japan. Na buɗa littafin farko har bango, na ce to ina labarin? Ya ce ai yana kaina.

Toh, abin da na faɗa masa shi zan faɗa muku. Ba wanda ke sayen abin da ke cikin kai. Manyan situdiyo galibi ko buɗe saƙon irin naka ba sa yi, ba wulaƙanci ba ne, tsoro suke kar gobe su fitar da wani abu mai kama da shi ka maka su a kotu. Kuma ma yawanci ba situdiyon ke da ta cewa ba. A Japan karo-karo ake yi, kamfanin buga littafi da gidan talabijin da masu waƙa da masu ƙera kayan wasa su haɗa kuɗi su kafa kwamiti, su ɗauko situdiyo su ba ta kwangila kamar yadda za ka ɗauko magini. Zango ɗaya kashi 12 ne ko 13, kowane kashi wajen minti 24, mutane ɗaruruwa ke aikin. Wanda zai zuba irin wannan kuɗin so yake ya ga abin da ya riga ya samu kasuwa, shi ya sa mafi yawan anime ɗin da kuke kallo a waya daga manga aka ɗauko su, wato labaran zane na Japan, ko littafi, ko gem ɗin bidiyo.

Dubi One Punch Man. Mai shi, wanda ake ce wa ONE, a 2009 ya fara sa shi a intanet da wani irin zane wanda wallahi in ka gani sai ka ce ɗan firamare ne ya yi, amma labarin ya kama mutane, sai ƙwararren mai zane Yusuke Murata ya sake zana shi daga 2012, anime bai zo ba sai 2015. In kuma ka ce ai shi ɗan Japan ne, ga Tony Valente Bafaranshe, ya fitar da Radiant a Faransa a 2013, aka yi masa anime a tashar NHK a 2018. Duk cikinsu ba wanda ya tura imel ya zauna jira.

Don haka fara rubuta labarin, ka kai shi ƙarshe. Ba tarihin duniyar da ka ƙirƙira ba, ba jerin ƙarfin jarumai ba, labari: waye yaron, me yake so, wa ya tare masa hanya, me zai rasa in ya gaza. In ba za ka iya faɗa wa abokinka shi tsakanin Kawo da Kasuwar Barci a cikin keke ba, bai nuna ba tukuna. Kuma don Allah a bar maganar kashi 500. Yi guntu, wanda zai shiga shafi 20 zuwa 30 na zane, mutum uku ko huɗu, rigima ɗaya. Wani abu kuma da ke ba ni haushi, yaro ɗan Rigasa sai ya sa wa jaruminsa sunan Japan ya kai shi makarantar Tokyo da bai taɓa gani ba, alhali ga Amina ta Zazzau, ga dutsen Kufena, ga gumakan Nok, ga 'yan dambe da 'yan tauri da maharba da layunsu, ga tatsuniyoyin Gizo da Dodo da kakarka ta yi maka. Su can suna da dubban masu rubuta Tokyo da suka fi ka saninta. Wanda zai rubuta ɗan tauri da ƙarfe ba ya ci, shi ne ba su da shi.

In ba ka iya zane ba, nemi mai zane, kuma nan ne yawanci tafiyar ke watsewa. Akwai su, a sashen zane na ABU Zariya, a KadPoly, a Instagram da Facebook, har cikin yaran da ke zanen allon shaguna. Amma kar ka je masa da "zo mu yi in ta fashe mu raba", shafi ɗaya na iya cinye masa wuni guda, kai kuwa layi biyar ka rubuta. Ko ka biya shi gwargwadon hali, ko ku zama abokan tarayya na gaskiya, ku rubuta a takarda wa ke da labari, wa ke da zane, yaya za a raba in kuɗi ya shigo, ku sa hannu da shaidu. Ku yi wannan tun kuna dariya da juna. Dokar haƙƙin mallaka tana kare abin da aka rubuta ko aka zana ne, ba ta kare tunanin da ka faɗa a majalisa, saboda haka ajiye kwafin komai da kwanan wata, in da hali ka shigar da shi a Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya.

Daga nan sai a sake shi mutane su gani. Webtoon Canvas, dandalin sa labaran zane a intanet, kyauta ne, kamfanin Shueisha masu mujallar manga ta Shonen Jump su ma suna da Manga Plus Creators inda ake sa aiki da Turanci. Akwai gasar Silent Manga Audition ta kamfanin Coamix, ita manga ce babu magana ko ɗaya, zane ne kawai ke ba da labari, kaga ba ruwanka da iya Japananci. Ma'aikatar harkokin wajen Japan ma tun 2007 take ba da kyautar manga ga 'yan ƙasashen waje. Amma ni da za a bi tawa, da Hausa za a fara. 'Yan uwanmu mata marubuta sun riga sun nuna hanya, suna sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad har masu karatu su biya kuɗin ci gaba, ba su jira wani kamfani ba. In mutum ɗari biyar suna damunka da "ina na gaba", kana da abin nunawa.

Motsi kuma fa? A nan lissafi zai sanyaya maka jiki. Fim hoto 24 ne a daƙiƙa ɗaya, anime na rage wahala da zane 12 ko 8, to ko da 8 ɗin ne minti ɗaya zane 480 kenan. Shi ya sa minti ɗaya ko biyu ya ishe ku gwaji. Ku zana fim ɗin akwati-akwati a takarda, ku ɗauki hotunan ku jera a waya, ku ɗora muryoyinku da Hausa ku kalla, duk inda ya yi lami za ku gani tun kafin a ɓata wata uku ana zane. Manhajojin zane da motsi irin su Krita da Blender da OpenToonz duk kyauta ne a kwamfuta, a waya akwai FlipaClip da ibisPaint, wuta ce dai sai an yi dabara. Makoto Shinkai, fitaccen daraktan anime, kusan shi kaɗai ya haɗa fim ɗin minti 25 a kwamfutar gidansa a 2002, daga nan aka san shi.

Kuma ba dole sai Japan ba. Kugali, kamfanin wasu 'yan Afirka, da labaran zane suka fara, Disney ta haɗa kai da su aka yi Iwájú a 2024, labarin a Legas yake. Roye Okupe ɗan Najeriya ma littattafan zane ya fara fitarwa kafin Iyanu ta zama katun a 2025. Ranar da wani furodusa zai saurare ka, abin da zai nema bai da yawa: labarin a layi biyu, taƙaitawa shafi ɗaya, zanen jarumai, rubutun kashin farko, guntun bidiyon, da adadin masu karanta ka. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi zai kai maka labari Japan, ɗan damfara ne, toshe shi. In takardar yarjejeniya ta zo kuma kar a sa hannu sai lauya ya karanta.

Shi ɗan yayar tawa, na sa ya ajiye jarumai 40 ya ɗauki yaron nan da kada ya haɗiye kakansa shi kaɗai. Ya yi fushi kwana biyu bai gaishe ni ba. Yanzu ya samu wani ɗan ajinsu mai zana 'yan ƙwallo a bayan littafi, suna shafi na 9, jiya ma rigima suke a ƙofar gida wai kadan ya fi kama da ƙadangare.