Yadda Ake Kare Ƙashin Bakwaini Daga Laushi

Kusan kashi 80 cikin 100 na sinadaran kalsiyam da fosfaras masu ƙarfafa ƙashi, jariri yana samunsu ne ta mabiyiya a watanni ukun ƙarshe na ciki. Shi ya sa bakwaini, musamman wanda aka haifa kafin mako na 28 ko wanda nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, yakan zo da ƙashi marar ƙwari, kuma matsalar ba ta cika bayyana ba sai tsakanin mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa.

Kada iyaye su jira alama. Da ya kai mako 4 zuwa 6, su tambayi likita batun gwajin jini na lafiyar ƙashi, domin hoton ƙashi ba ya nuna laushin sai ya riga ya yi nisa. Tambayar ta fi zama wajibi idan ya daɗe ana ciyar da shi ta jijiya, ko an ba shi maganin sa fitsari na tsawon lokaci.

Nonon uwa ba shi da madadi, amma fosfaras ɗin da ke cikinsa ba ya isar ɗan ƙaramin bakwaini. Don haka likita kan rubuta garin ƙarfafa nono da ake zubawa a nonon da aka tatsa, ko ƙarin sinadaran, tare da ɗigon bitamin D, wanda yawanci IU 400 ne a rana (IU ma'aunin ƙarfin bitamin ne). A bi ƙa'idar yadda aka rubuta, kuma kada a maye gurbin abin da likita ya rubuta da madarar shanu ko jiƙo.

Inda aka fi sakaci, a ganina, shi ne wajen wanka. Mimmiƙe gaɓoɓi da cilla jariri sama da kaka ko ungozoma kan yi, duk da kyakkyawar niyyarsu, na iya karya haƙarƙari ko cinyar bakwaini. Wajen sauya masa ƙunzugu, a tura tafin hannu ƙarƙashin ɗuwawunsa a ɗaga, maimakon a kama ƙafafunsa a ja sama.

Idan ya riƙa tsala kuka duk lokacin da aka taɓa wata gaɓa, ko ya daina motsa ta, ko wuyan hannunsa ya yi kauri, ko wasu ƙulu-ƙulu suka jeru a haƙarƙarinsa, a mayar da shi asibiti a ranar, kada a kai shi wurin mai ɗori.